Birkin Motar Ramatu da Jirgin Kaka Gambi

Tun ranar da na canza wa motar ɗiyata birki a tsakar gida nake ta tuna Kaka Gambi, mahaifiyar babana, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa shiga ƙaramar mota ba. Jirgin ruwa ta sani, da jaki, sai bayan kamiyon kasuwa, wato babbar motar kaya, sau biyu ko uku. Amma ita ce ta koya mini abin da ke saura a irin wannan aiki bayan an ɗaure noti na ƙarshe, kuma a cikin tatsuniya ta koya mini shi.

A wata tunga muka tashi, ƙasa da Tunuga, a bakin gulbi. Gidajen ba su da yawa. Maza suna sana'ar su, suna noman shinkafa a fadama, mata suna banda. Kaka ita ce uwar banda a tungar. Tana da murhu uku na laka, dogaye, an jera musu sanduna a kai. Idan masunta suka dawo da la'asar, kafin rana ta faɗi an feɗe kifi, an lanƙwasa tarwaɗa an haɗa kai da wutsiya, an jera. Wutar banda ba ta son harshe, hayaƙi take so. Dole wani ya zauna ya tsare ta, in ta nemi tashi ya watsa mata ƙaiƙayin shinkafa. Kaka ce mai wannan zama. Mu kuma jikoki, da an sallame magariba sai mu kewaye ta, domin hayaƙin yana korar sauro, kuma akan sami kan kifin da ya karye a ba wanda ya fi natsuwa.

Badenda ce. Da Dendanci take faɗa da masunta, da Hausa take ciniki a Malanbil da Kamba. Tatsuniya da Hausa take fara ta, amma in labari ya yi zafi sai ta zame cikin Dendanci ba ta sani ba, mu ma ba mu lura ba sai can ta dawo. Na yi yawo daga baya, na zauna gaban masu ba da labari a Agadas da Kumasi da Ibadan. Yawancinsu sai sun ajiye abin da ke hannunsu sun gyara zama. Ita kam ban taɓa ganin hannunta ya tsaya ba. Tana juya kifi, tana ture itace da ƙafa, labari yana tafiya, kuma babu wanda ya ƙone a cikin biyun.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai dai ta ce, “Na kamo wata.”

Mu ce, “A jawo ta tudu!”

Ta dube ni, domin ni ne babban jikanta namiji, ta ce, “Maigidana raggo, matso nan. Miji sai ci, ko gishiri bai taɓa kawo mini ba.”

Tatsuniyar da ta fi zama a kaina ita ce ta mai ɗinkin jirage. A zamanin labarin, in ji ta, ba a buga wa jirgi ƙusa. Katako ake hudawa a ɗinke da igiya, a cusa tsumma da ƙaro a tsakani. Kuma masu wannan sana'a suna da al'ada guda: wanda ya gyara jirgi shi ke fara shigarsa. Za a loda masa duwatsu daidai nauyin mutanen da jirgin zai ɗauka, ya tuƙa shi kaɗai har tsakiyar ruwa, ya dawo. Sannan mai jirgi ya karɓi abinsa.

To, akwai wani gwani da babu kamarsa daga wannan gaɓa har waccan. In ya ɗinke jirgi, sai ka shafa da hannu ba ka ji inda katako ya haɗu da katako ba. Da farko yana bin al'ada kamar kowa. Da sunansa ya yi nisa, sai mutane suka fara jin nauyinsa. In ya tashi ɗaukar duwatsu sai su ce, “Haba gwani, kai ma? Bar shi, kada ka wahalar da kanka.” Yau a ce masa haka, gobe a ce masa haka, har aka wayi gari shi kansa ya manta rabon da ya shiga jirgin da ya gyara.

Wata shekara, lokacin yankan shinkafa, aka kawo masa babban jirgin gari, wanda ke kai mata tsibiri. Ya kwana uku a kansa. Ranar da ya gama mata suka taru a mashaya da laujensu da goyonsu, suna ta sauri don tsuntsaye sun faɗa wa gona. Sun fara zuba kaya ke nan sai ga wata tsohuwa da ba a san ta ba, riƙe da kaza a hammata. Ta tsaya a bakin ruwa ta ƙi shiga.

A nan Kaka takan sirantar da murya, ta karkace baki: “Ni dai ƙafata ba ta taka jirgin nan sai mai ɗinki ya riga ni.”

Mata suka yi mata ca. Wata ta ce, “Iya, kin san ko waye wannan?” Tsohuwa ta ce, “Ban san shi ba. Gulbi ma bai san shi ba.”

Gwani ya ji haushi. Don ya kunyata ta, ya sa aka fitar da kaya, aka loda duwatsu, ya shiga ya tuƙa. Bai kai tsakiya ba ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba ɗinki, ɗinki lafiya lau, ko ɗigo babu. Ashe ƙaramar ƙofar da ya huda da kansa a gindin jirgi, don ruwan da ke ciki ya tsiyaye kafin ya fara aiki, ita ce bai toshe ba. Laka ta liƙe ta a tudu, da nauyi ya danna sai lakar ta fice. Babu tsumma, babu turke a kusa. Sai ya cusa babban yatsan ƙafarsa a ciki, ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, yana tuƙi yana salati. Wata tarwaɗa ta hango yatsa yana motsi a ƙarƙashin jirgi, ta zo ta kama tsotsa. Yana ihu, ba halin cirewa, mata a gaɓa suna kallo. Da tarwaɗa ta leƙo ta ga wanda take tsotsa, ta yi ta dariya har bakinta ya baje.

“Shi ya sa har yau bakinta yake haka,” in ji Kaka, ta ɗaga guda daga kan murhu ta nuna mana. “Ku duba. Dariyar ba ta sake ta ba.”

Mu kuma mu faɗi muna birgima a ƙasa. Da gwani ya kai tudu aka nemi tsohuwa aka rasa, sai kazar kawai tana kiwo. Mu abin da ya dame mu ke nan: ina ta tafi, aljana ce ko mutum, wa ya ci kazar. Kaka ba ta taɓa amsa wannan ba. Abin da takan ƙara kawai, tana kallon wuta, shi ne, “Ku lura fa, ɗinkinsa babu aibi ko ɗaya.” Ban fahimci dalilin da take nanata wannan ba. A ganina labarin yatsa ne da tarwaɗa.

Ita kanta haka take aiki, amma a lokacin ban haɗa biyun ba. Duk bandar da ta sauke, kafin a zuba a kwando a kai kasuwa, sai ta zaɓi mafi kauri daga tsakiyar murhu, ta ɓare shi, ta shinshina, ta ci. Matan tunga sukan ce, “Gambi, shekara nawa kina wannan aiki, har yanzu sai kin ɗanɗana?” Ta ce musu yunwa take ji.

Na girma na bar tunga na bi kamiyo. Kusan shekara arba'in ina tuƙa manyan motoci tsakanin Kwatano da Yamai, wani zubin Lome, wani zubin Kano, har arewa cikin rairayi. Na iya Zabarmanci da Faransanci, na tsinci Yarabanci da Larabcin hanya daidai na gaisuwa da na faɗa da kanikawa. Na ga irin hannu daban-daban. Akwai garajin da za a gama maka birki a jefo maka makulli, mai aikin ya juya baya yana wanke hannu. Akwai wani dattijo kusa da Faraku da in ya taɓa maka birki sai ya hau ya zauna a gefenka har kun sauka gangaren farko, sannan ya dawo a ƙafa. Na kan yaba masa a zuciya. Birkin kamiyona kuwa ni nake gyara abina, a bakin hanya, a rana ko a ruwa, har direbobi suna kawo mini nasu.

Yanzu na ajiye tuƙi, ina zaune a Gaya. Gidanmu a kan tudu yake. Daga ƙofa lungu ne mai gangara, ya miƙe har bakin kwalta inda kamiyoyi masu zuwa gadar kan iyaka suke wucewa. Ɗiyata Ramatu ma'aikaciyar jinya ce, tana da ƙaramar mota ta hannu da aka sayo mata daga Kwatano. Wata Juma'a ta shigo gaishe mu, tun daga lungu na ji ƙarfe yana cizon ƙarfe. Na leƙa ta tsakanin taya na ga filaket, wato takalman birkin da ke matse faifai, sun cinye sun zama kamar reza. Ga shi washegari za ta Junju sunan ɗan ƙanwar mijinta, ita da ƴaƴanta biyu.

Mai ɗakina, Hajiya Hawa, ta ce, “Alhaji, a kai garaji mana.”

Na ce, “Garajin da kamiyo goma ke layi? Wa zai dubi wannan ƴar ƙwarya yau? Ni da na kwance birkin tirela a tsakiyar Sahara?”

Ta ce, “To, mun ji. Sahara dai ba ta nan balle ta ba da shaida.”

Na je kasuwa na sayo filaket huɗu, na gwada su da tsofaffin a ido. Da safe bayan an karya na shimfiɗa buhu a inda tsakar gida ta fi daidaita. Na ja birkin hannu, na tokare tayoyin baya da duwatsu. Na sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, sannan na ɗaga ta da kirik, na cusa kututturen giginya a ƙarƙashi, domin ban taɓa ba kirik amanar ƙashina ba. Na cire taya. Na kwance noti biyun da ke riƙe da ƙarfen da ya rungume faifai, na ɗaga shi na rataye da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Na zare tsofaffin filaket, na goge mazauninsu da buroshi. Sababbin sun fi kauri, ba za su shiga ba sai an mayar da fistan ciki. Na buɗe murfin man birki, na sa katako da babbar matsa na tura fistan a hankali har ya koma, ina duban man kada ya tumbatsa. Na shafa giris kaɗan a bayan filaket da kan sandunan da ƙarfen ke zamewa, ban bari ko ɗigo ya taɓa fuskar da ke kama faifai ba. Na mayar da komai, na ɗaure. Na zagaya ɗaya gefen na yi haka. Na sauke mota, na ƙara ɗaure notocin taya ɗaya a nan ɗaya a can, na rufe murfin mai.

Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Da za a kira kowane bakanike a Gaya ya duba, ba zai sami abin gyarawa ba.

Ina wanke hannu da toka, Ramatu ta riga ta loda buhun shinkafa da kwandon banda a baya, ta sa yara a kujera, kowa da sabon ɗinki. Ta zo ta miƙo hannu tana murmushi.

“Baba, makulli. Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai.”

Na sa hannu a aljihu. Har na ciro. Sai na lura babu wanda ya tambaye ni ko na gwada. Ita ba ta tambaya ba. Hajiya, da ba ta barin komai ya wuce, tana can tana ƙulla mata yaji a leda, ita ma ba ta tambaya ba. Baba ne ya yi, shi ke nan. Wallahi a wannan tsayuwar na ji warin hayaƙin banda a hancina.

Na ce, “Fito da yaran.”

“Baba, lafiya?”

“Lafiya lau. Ni zan fara shiga.”

“Haba Baba! Rana tana yi, hanyar Junju ka san ta. Kai da ka shekara arba'in a kan sitiyari, wa zai gwada aikinka?”

“Ni. Fito da su.”

Ta fito da su tana ƙunƙuni, ƙaramar tana kuka don ta ɗauka an fasa tafiya. Hajiya ta ce, “Ku bar shi, marmarin tuƙi ne ya taso masa.”

Na shiga, na tayar, na sauke birkin hannu, na fita ƙofa a hankali. Da gaban mota ya sauka kan gangara na ɗora ƙafa a birki. Feda ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga.

Abin da na yi na farko shi ne abin kunya. Idona ya tafi neman agogon iska a gaban mota, hannuna ya tafi neman sandar birkin tirela a gefen sitiyari. Babu ko ɗaya. Shekarun kamiyo ne suka amsa kafin hankalina ya iso. Mota ta fara gudu da kanta, can ƙasa ina hango kamiyon siminti yana ratsa bakin lungu. Ƙasa kaɗan da ƙofar gidanmu, gindin dogon yaro, Hajiya tana da babbar randa da take cikawa kullum don masu wucewa su sha. Na murɗa sitiyari na nufi can, ƙafata tana ta dukan feda ba da shawarata ba. Na farko babu komai, na biyu babu komai, na uku na ji ɗan tauri, na huɗu ta kama. Mota ta tsaya cak, amma bayan ta ratsa randa. Ruwa ya malala lungu, moɗa tana ta gangarawa ita kaɗai har bakin kwalta.

Na zauna riƙe da sitiyari. A nan na gane abin da ya faru. Fistan ɗin da na tura ciki da hannuna yana can inda na bar shi, nesa da filaket. Sai an taka feda sau da yawa mota tana tsaye kafin mai ya turo shi ya dawo mazauninsa. Na san wannan, na sha jin ana faɗa. Amma birkin kamiyo na iska ne, ba ya neman haka, ka tayar ka jira agogo ya cika ka tafi. Kaina ya sani, hannuna bai taɓa yi ba.

Ramatu ta iso da gudu, ba takalmi. Ta riƙe ƙofar mota. Ta dubi gangaren, ta dubi kwalta, ta waiwaya ta dubi yaranta da ke tsaye a ƙofar gida, sai ta zauna a ƙasa cikin ruwan, da sabon leshinta.

Hajiya ta zo ta tsaya a kan kaskon randarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Alhaji, a Saharar ma haka kake yi?”

Na ce, “A Sahara babu randa.”

Na taka feda ina tsaye har ta yi tauri kamar dutse. Na duba mai, na leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo. Na zagaya unguwa sau uku, ina tafiya ina tsayawa a hankali don sababbin filaket su saba da faifai. Na sauka gangaren nan da kaina sau biyu, na hau. Sannan na miƙa wa Ramatu makulli. Ta canza zane, suka tafi. Da la'asar ta bugo ta ce sun sauka lafiya, an raɗa wa yaro suna, kuma a duk mararraba sai da ta taka birki tun daga nesa har yaran suna mata dariya.

Kwana da kwanaki ina juya abin. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta ba'a ce ga mai girman kai. Da na girma na ɗauka gargaɗi ce ga masu aikin ganganci, kuma tunda ni ba na cikinsu, sai na ajiye ta a gefe. Sai yanzu da furfura na ga wanda Kaka take nufi. Mai aikin banza ba shi da hatsari sosai, domin kowa yana sa masa ido. Wanda ya iya ne ake jin nauyinsa. Mutane suna daina tambayarsa don girmamawa da ƙauna, har ya zama babu mai duba bayansa a duniya in ba shi ba. Ramatu ba sakaci ta yi ba. Yarda ta yi da ubanta, kuma yardar nan ce ta kusa kai ta ƙarƙashin kamiyon siminti. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta hango wannan daga bakin murhu, ta naɗe shi a cikin abin dariya don ya zauna a kan yaro har ranar da zai buƙace shi. Allah ya jiƙan Kaka Gambi, ya sa hayaƙin da ta sha dominmu ya zame mata haske.

Ranar kasuwa Hajiya ta tura ni sayen randa, ta ce wanda ya fasa shi zai ɗauko. Na sami wata dattijuwa mai tukwane da kowa ke nunawa, na zaɓi babba, na ƙwanƙwasa ta ta yi ƙara mai daɗi. Na ce a zuba mata ruwa mu gani tukuna.

Ta ajiye goron da ke hannunta ta dube ni sama da ƙasa. “Alhaji, tun kafin a aurar da ni nake ginin randa. Babu wanda ya taɓa cewa in zuba wa tawa ruwa.”

Na ce, “Na sani, Hajiya. Shi ya sa.”

Ta yi tsaki, ta miƙe, ta ɗauki bokiti da kanta.